MAKAƊI MA ƊAN ADAM NE: DARASI KAN LAFIYAR MAWAƘA DA 'YAN WASA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta, Mai saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.



Na san tun daga taken darasin nan wani zai ce, to Malam, me ya haɗa liman da lafiyar makaɗa? Abin da ya haɗa mu shi ne, in sun kwanta mu ake kira mu yi musu addu'a, in sun rasu mu ake kira mu sallace su. Kuma ba baƙi ba ne a wurinmu. Nan ƙasar Daura Alhaji Mamman Shata yake kwance. Ya yi jinya a Kano da Jidda, ya rasu a Asibitin Malam Aminu Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, aka kawo shi Daura aka binne saboda amanar da ke tsakaninsa da marigayi Sarki Muhammadu Bashar. Duk Sallah in an fito Hawan Magajiya, ko lokacin Gani, kuna ganin masu algaita da kakaki da tambari, ga 'yan tauri, ga masu wasa da maciji. Nan cikin Zango akwai yaran da ke yawo da sifika gidan biki, akwai waɗanda suka tafi Kano suna kwana a situdiyo, akwai masu barkwanci a waya. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, wasunsu a sahun farko suke sallar asuba.

Ba hukuncin kiɗa muke karantawa yau ba. Mafi yawan malaman mazhabobin nan huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da ganga mai fuska ɗaya a wurin aure da Idi, wasu kamar Ibnu Hazm da Imam Ghazali sun sassauta da sharuɗɗa, kuma masu zama karatu da ni sun san inda na tsaya. Amma a duk karatun da na yi ban ci karo da malami ɗaya ba, mai tsanani ko mai sassauci, da ya ce ran makaɗi ba shi da alfarma, ko ciwonsa abin dariya ne. Don haka mu ajiye wancan saɓanin a gefe, mu duba abin da ke nakasa waɗannan bayin Allah, da kuma maganganun da mu da su muka ɗauka gaskiya ne alhali suna ƙara tura su rami.

Maganar da ta fi yi mini ciwo ita ce wadda ake rubutawa da zarar an ji ɗan fim ko mawaƙi ya kwanta: "Ai alhaki ne." "Tun a duniya ya fara gani." An yi irin wannan lokacin da Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014 bayan fama da ciwon ƙoda. An sake yi lokacin da Saratu Giɗaɗo, wato Daso, ta rasu ranar 9 ga Afrilu, 2024, a ƙarshen watan Ramadan, baiwar Allah ta yi sahur ta koma ta kwanta, ba ta farka ba. Wai har a nan sai da aka samu masu taɓe baki.

Ɗan uwa, wa ya nuna maka Lauhul Mahfuz? In cuta alama ce ta fushin Allah, ina za ka kai Annabi Ayyuba (AS)? Ina za ka kai hadisin Ibnu Mas'ud a Bukhari, wanda ya nuna zazzaɓin Manzon Allah (SAW) yana kai na mutum biyu a cikinmu? Ciwon ƙodar da ya kama ɗan wasa shi ne yake kama alaramma da ɗan kasuwa da matar aure da ba ta taɓa leƙa gidan kallo ba. Ku je layin wankin ƙoda a Katsina ko Kano ku gani da idonku.

Kuma akwai ƙissar da nake so kowane mai saurin yanke hukunci ya riƙe. A zamanin Annabi (SAW) an yi wani sahabi sunansa Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, aikinsa ba Manzon Allah dariya. In da yau ne sai mu ce mai barkwanci. Wannan bawan Allah an jarrabe shi da shan giya, an sha kawo shi ana yi masa haddi. Wata rana wani ya gaji ya tsine masa. Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. Hadisin yana Bukhari. Kun ga an tsayar masa da hukunci, ba a ce laifinsa ba laifi ba ne, amma ba a bari an fitar da shi daga rahama ba. To kai da ko haddi ba ka da ikon yi, wa ya ba ka ikon rufe ƙofar rahama a sashen sharhi na Facebook?

Wannan ɗabi'a tana da illa ta zahiri, ba zunubin giba kaɗai ba. Saboda tsoron bakin mutane, ɗan wasa sai ya ɓoye ciwonsa. Ba zai je asibitin garinsu ba don kada a ɗauke shi hoto. Zai yi ta sayen magani a kemis ta hannun yaronsa har ƙafa ta kumbura, har ido ya yi rawaya, sai an ɗauke shi ranga-ranga. Wanda damuwa ta kama shi saboda zagin da yake sha dare da rana, ko don an daina yayinsa, ba zai iya cewa yana son ganin likitan ƙwaƙwalwa a Dawanau ko Barnawa ba, don gobe za a ce ya haukace. Lokacin da Fela ya mutu a Agustan 1997, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito ya gaya wa duniya cewa ƙanjamau ce, a lokacin da mutane da yawa a ƙasar nan ke cewa cutar ƙarya ce. Faɗin gaskiyar nan ya farkar da jama'a. Mu kuwa mun mayar da ciwo abin kunya, sai kowa ya rufe nasa.

Sai maganar da su kansu masu sana'ar suka fi yarda da ita. Da zarar muryar mawaƙi ta dishe ta ƙi dawowa, sai ka ji an ce an ɗaure masa murya, abokin hamayya ya yi masa jifa. Wani matashi mai waƙar biki ya taɓa zuwa wurina kan haka, yana magana da ƙyar, wata biyu ke nan, ya zaga wurin masu magani har ƙetaren iyaka, an karɓe masa kuɗi da rago, har an nuna masa wanda wai ya yi masa aikin, abokinsa ne tun na makarantar allo. Na yi masa addu'o'in da suka tabbata, sannan na tambaye shi yadda yake aikinsa. Daga bayan isha'i zuwa biyun dare, kwana huɗu ko biyar a jere in lokacin bukukuwa ne, a fili, cikin ƙurar hunturu, ga hayaƙin janareta, yana ɗaga murya don ya rinjayi sifika. Ba ya shan ruwa don kada fitsari ya dame shi. In an tashi sai ya ci tsire da yaji ya kwanta nan take. Na ce masa, ɗan uwa, da wannan aikin ko babu maƙiyi ko ɗaya a duniya muryarka za ta tafi.

Sihiri gaskiya ne, kambun baka gaskiya ne, ruƙya ta shari'a halal ce. Ba na musun ko ɗaya. Amma ku san yadda Allah Ya halicci murya. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu masu taushi, tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba. In za ka yi magana sai su haɗu, iska daga huhu ta riƙa kaɗa su, a namiji sau fiye da 100 a daƙiƙa ɗaya, a mace kusan ninki biyu na haka. Ka lissafa sau nawa suke gogar juna a waƙar awa biyar. In aka matsa musu sai su kumbura. In aka ci gaba sai su yi kanta, kamar yadda hannun manomi ke yi da ƙotar fartanya, daga nan ba za su ƙara haɗuwa daidai ba, murya ta koma garau-garau. Wani lokacin ma jijiyar jini ce ke fashewa a kansu. Haka ya faru da mawaƙiyar Ingila Adele a 2011, sai da ta soke wasanninta aka yi mata aiki a Amurka. Ita ba ta da abokin hamayya a Kano, tantanin ne ya gaji. Abincin da aka ci aka kwanta a kai kuma, ruwan ɗacin ciki ne ke tasowa cikin dare yana ƙona maƙogwaro, shi ya sa mutum ke tashi da safe murya a shaƙe.

Maganin farko hutu ne da shan ruwa, ba kuɗi ake biya ba. Kuma raɗa ba hutu ba ce, tana wahalar da tantanin nan ita ma, gara ka yi magana a hankali ko ka yi shiru. Zuma da citta da alewar minti suna sanyaya wuya, kuma zuma Alƙur'ani ya shaide ta da waraka a Suratun Nahli, amma ku lura: abin da ka haɗiye ta hanyar abinci yake bi, ba ya bi ta kan tantanin murya, da zai bi ta nan da ka ƙware. Don haka kada minti ya rufe maka zafin ka koma ka ci gaba da ihu. Mafi haɗari su ne ƙwayoyi da alluran rage kumburi da wasu ke sha kafin su hau dandali. Murya za ta buɗe na dare ɗaya, raunin yana nan yana ƙaruwa. Duk dishewar da ta wuce mako uku zuwa huɗu, musamman ga mai shan taba ko shisha, a je wa likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura, domin sankarar maƙogwaro da dishewa take fara sallama, kuma in an kama ta da wuri ana warkewa.

Kada 'yan uwana malamai su ce wannan na mawaƙa ne. Ladan, da mai jan baƙi a tafsiri, da sha'iri mai bege a maulidi, da malamin Islamiyya mai aji na yara 80, da ni mai wannan rubutu, duk tantani ɗaya muke amfani da shi. Ku duba yadda muryoyin limamai ke komawa in an shiga goman ƙarshe. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya ji Abu Mahzura ya ƙure muryarsa a kiran sallah, sai ya tsorata masa kada fatar mararsa ta tsage. Kiran sallah ne fa, amma bai ce masa ƙara ba.

Murya dai in ta tafi sau da yawa tana dawowa. Kunne kuwa in ya tafi, ya tafi ke nan, shi ya sa na fi jin tsoronsa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kamar gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa, babu allura, babu rubutu, babu tiyatar da ke dawo da shi. Masana suna auna ƙara da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. A 85, awa 8 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka lafiya a yini. Duk ƙarin 3 da aka yi, lokacin sai ya ragu da rabi, har in an kai 100 minti 15 ne kacal. Gaban sifikar gidan biki kuwa tana kai 100 har ta wuce. To yaron da ke tsaye jikinta daga la'asar zuwa tsakar dare, sau uku a mako, me ya rage masa in ya kai shekara 40? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan, har da masu cusa iyafis a kunne su ƙure ƙara.

Alamar farko ita ce in an tashi daga wurin ka ji kunnenka ya toshe, ko yana wani "ziiii" kamar kukan gyare. Wasu in abin ya zauna musu sai su ce mutanen ɓoye ne ke musu magana, a fara hayaƙi da turare. Ba aljani ba ne, kunne ne ke kuka. Mai aikin sauti ya nemi abin toshe kunne na roba irin na ma'aikatan masana'anta, ba shi da tsada, kuma ba ya hana jin kiɗan, rage kaifinsa yake yi. Auduga ba ta wadatarwa. Ya tsaya a bayan sifika ko gefenta, ya riƙa fita yana hutawa. Wanda ya fara cewa "na'am? me ka ce?" a cikin taro ya je a auna shi, akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne a asibitocin koyarwa na Katsina da Kano. Iyaye mata, don Allah ku daina zama da jarirai a goye a gaban sifika. Mu ma masu masallatai mu ji tsoron Allah, a wasu wuraren lasifikar cikin masallaci tana kan kunnen dattawan sahun farko, an ƙure ta kamar ana kiran mutanen Baure. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta lissafa ji a cikin abubuwan da za a tambaye mu a kansu.

Yanzu bari mu taɓo inda ya fi wari. Akwai ƙaryar da Shaiɗan ya shuka a wannan sana'a, cewa basira ba ta sauka sai an "ɗan taɓa", kuma kunyar taro ba ta fita sai da ƙwaya. Yaro ya shiga situdiyo da hankalinsa, a ce masa ai manya ma haka suke yi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda. A Mayun 2018 gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan rahoton BBC da ya tona yadda ake safararsa. Amma tiramol na nan, kuma mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sanin ta inda take bi.

Kodin da tiramol dangin juna ne, suna danne numfashi, kuma jiki yana sabawa da su har ƙwaya ɗaya ta koma biyar. Tiramol in ta yi yawa tana sa farfaɗiya. Sau nawa aka ce wane ya faɗi a wurin wasa yana kumfa, iskokai sun buge shi, alhali abin da ke aljihunsa ne ya buge shi? Basirar da ake cewa tana ƙaruwa kuwa, abin da ke faruwa shi ne mai maye yana jin komai ya yi daɗi ko da shirme ne. Michael Jackson yana da kuɗin da zai sayi asibiti sukutum, yana da likitansa na kansa a gida, amma maganin sa barci ne ya kashe shi a Yunin 2009 yana shirin wasanni. Wanda ya riga ya faɗa, kada a ce ya daina da ƙarfin tuba kaɗai cikin dare ɗaya. Tuba wajibi ce, amma jikin da ya saba yana buƙatar likita ya sauke shi a hankali, kuma zuwa neman wannan taimako ba tonon asiri ba ne.

Akwai kuma ƙwayoyin da ba maye ba ne, amma suna kisa a ɓoye. Makaɗin kalangu da ke rataye da shi a kafaɗa yini guda, da mai rawar koroso, da mai ganga, duk suna kwana da ciwon jiki, sai su saba da diklofenak ko ibuprofen ko haɗin "gaggawa" na masu tallan magani a faranti, kullum, ba ci ba sha. Waɗannan in an daɗe ana sha suna huda ciki, suna lalata ƙoda. 'Yan mata masu son shiga fim an gaya musu sai fara, sai mai jiki, to ga man bilicin ga sha-ka-fashe. Hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiya a 2023. Wasu mayukan akwai sinadarin makuri a ciki, yana ratsa fata ya sauka a ƙoda. Wasu kuma da ƙwayoyin ƙibar sinadarin rage kumburi ne mai ƙarfi, ƙibar da yake kawowa kumburi ce, tana tafe da hawan jini da ciwon suga da fatar da ko ɗinki ba ta riƙewa in an yi tiyata. Furodusan da ya ce wa yarinya ta je ta yi haske kafin ya sa ta a fim, ya sani yana da kamasho a duk abin da ya same ta. Sannan masu situdiyo: ɗaki a toshe ko'ina don kada sauti ya fita, janareta a baranda ko a lungu. Hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum, daga nan sai gawa. A fitar da shi fili nesa da taga.

'Yan tauri da masu wasa da maciji, ku ma ina da magana da ku, kuma da girmamawa nake yi don wasunku sun haife ni. Wasa da makami ba baƙo ba ne a Musulunci, Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Annabi (SAW) ranar Idi, Nana A'isha (RA) tana kallo. Amma nasu gwaninta ce da horo, ba su ce ƙarfe ba ya cin su ba. Dogaro da laya ko wani abin sha cewa wuƙa ba za ta kama ka ba, matsala ce a aƙida kafin ta zama matsala a jiki. Kuma ranar da ta kama, sai a ɓoye raunin don kada a ce maganin ya karye, a cusa masa toka ko ƙasa, daga nan sai cutar sarƙewar haƙora. Wuƙa ɗaya ta zaga jikin mutum biyar, in ɗaya yana da ciwon hanta ko ƙanjamau ta raba musu. Maciji kuma ko an cire masa haƙori yana sake fitowa. In ya sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a garzaya asibiti, allurar kashe dafi ita ce magani, kuma kowace awa da aka ɓata wurin gwada sa'a tana da tsada.

Hanya ma ta ci mutanen wannan sana'a ba kaɗan ba. Ahmad S. Nuhu ya rasu ranar 1 ga Janairu, 2007 a haɗarin mota kan hanyar zuwa Maiduguri wasan Sallah, yana tsakiyar tashensa. Kamal Aboki, yaro matashi mai barkwanci, ya rasu a Janairun 2023 a hanyar dawowa daga Maiduguri. Allah Ya jiƙansu. Ajali ba ya jira, amma mu dubi yadda ake tafiyar: a gama wasa ƙarfe ukun dare a Daura, a ce gobe da azahar akwai wani a Zariya ko Damagaram, direban da ya kwana a tsaye yana kallo shi zai ja motar, an cika ta da mutane da kayan sauti. Wanda ya kwana bai runtsa ba, hankalinsa a kan sitiyari kamar na mai maye ne. Ku kwana, ku yi asuba, ku tafi. Kuɗin da za a rasa bai kai diyyar rai ɗaya ba.

A Disambar 2024 mawaƙi El-Mu'az Birniwa ya yanke jiki ya faɗi a Kaduna wurin wasan ƙwallon bikin abokinsa, ya cika. Ba ina yanke abin da ya yi ajalinsa ba ne, wannan na iyalinsa ne da likitoci. Abin da nake jan hankali a kai shi ne yadda muke ɗauka cewa wanda ke tsalle a dandali lafiyayye ne. Hawan jini ba ya ciwo, mutum zai shekara goma da shi yana rawa yana dariya. Awonsa minti biyu ne a kowane ƙaramin asibiti, nan Zango ma ana yi. In ya kai 140 bisa 90 kuma ya maimaita, a fara magani, kuma ba a dainawa don an ji sauƙi. Tawakkali bai hana wannan ba. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Abu na ƙarshe da mutane suka yi wa gurguwar fahimta shi ne kuɗi. Muna ganin ana yi musu liƙi, muna ganin mota a hoto, sai mu ɗauka duk masu arziki ne. In bidiyon tsohon ɗan wasa ya fito yana neman taimakon jinya sai a ce ina ya kai abin da ya tara? Gaskiyar ita ce 'yan kaɗan ne a sama suke samu. 'Yan amshi, da makaɗa, da mai riƙe fitila, da dattijon da ke fitowa a matsayin uba, abin da ake ba su na cefanen kwana biyu ne. Ba fansho, ba albashi, ranar da murya ko ƙafa ta tsaya ranar samu ya tsaya. Wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku ake so a mako, ko babban ma'aikaci sai ya sayar da gida.

Tun Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan Najeriya, kuma Jihar Katsina tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya da masu sana'ar hannu za su iya shiga. Ƙungiyoyin 'yan fim irin su MOPPAN, da sarakunan makaɗa na gargajiya, da ƙungiyoyin masu DJ na ƙananan hukumomi, su yi wa mutanensu rajista a dunƙule. In hakan ya yi nisa, a buɗe asusu, duk wasan da aka yi a cire wani abu a ajiye don jinya kaɗai, a sa amintattu uku a kai. Tsari ne na taimakon juna, irin wanda Annabi (SAW) ya yabi Ash'arawa a kansa, da suke tara abin da ke hannunsu in abinci ya yi ƙaranci su raba daidai.

Masu tambayata ko ya halatta a ba mawaƙi ko ɗan fim zakka ko sadaka in ya kwanta: in Musulmi ne matalauci ko bashin jinya ya yi masa katutu, ya shiga cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma kuɗin magani ba taimako ne a kan saɓo ba. Hadisin mutumin da sadakarsa ta faɗa hannun ɓarawo da mazinaciya da mawadaci, aka kuma karɓa masa, yana Bukhari da Muslim. In kana tsoron inda kuɗin za su, ka je asibitin da kanka ka biya a kanta, ka karɓi rasit, ka leƙa ka gaishe shi. Kada ka ɗauki hoto.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda muka ambata da sauran Musulmi. Wallahu a'alam.